Ranar da Aka Kama Mu Muna Satar Dashe

Kai Auwalu, maimaita abin da ka faɗa in ji da kunnena. Wai dashen tumatir ba aiki ba ne? Wai tsugunawa ce kawai, a soka a tashi? To madalla. Ku ajiye wayoyin nan ku saurara, tunda yau an taɓo ni. Ni Sale, shekara arba'in da 'yan kai ina dashe, tun daga fadamar Surko har lambunan Gwaram, kuma har gobe in na tsuguna a bakin fangalin lambu sai gabana ya ɗan faɗi. Kai da ko barkono ɗaya ba ka taɓa rayawa a tukunya ba, kai ne za ka koya min abin da ake kira aiki.

Dashen farko da na yi da hannuna, a lambun kawuna ne, Malam Idi, a Surko. Kafin nan sai da na yi rani biyu bai bar ni na taɓa iri ba, aikina jan jigo na ban ruwa da ɗaukar kwando. Ranar da ya yarda, ya nuna min fangali ɗaya ya ce nawa ne. Ni kuma da rawar kai na je inda aka reni irin, ban jiƙa ƙasar ba na hau fizga, saiwoyi suna tsinkewa ban damu ba. Na soka, na danne da dunduniya kamar mai kashe kunama. Kwana biyu duk suka kwanta. Kawu bai zage ni ba, da ma zagin ya yi da ya fi min sauƙi. Sai ya leƙa lambunan maƙwabta ya ce su zo su ga inda Sale ya yi jana'iza. Rani guda cur ana kirana Mai Jana'iza, har mata a bakin rijiya.

Kayan aikin ba su da yawa, amma kowanne da ranarsa. Akwai ɗan itace mai tsini, tsawon kamu ɗaya da rabi, da shi ake huda rami. Nawa na kanya ne, ya sha hannu har ya yi santsi, kuma ba na ba da aronsa ko ga ɗan'uwana. Akwai igiya mai ƙulli-ƙulli, ita ke riƙe maka layi da tazara. Akwai kwando, da buhun algarara da za ka jiƙa ka lulluɓe irin da ka cire, don kada iska ta sha shi kafin ka kai fangali. Sai gwangwani mai huji na yayyafa ruwa. Danna kuwa da yatsu biyu ake yi, ba a shaƙe wuyan iri ba, ba kuma a bar shi yana lilo ba. Duk wannan mai hankali zai koya a rani ɗaya. Abin da ya fi shi duka, dashe da yamma ake yi. Sai an yi la'asar, rana ta karya, sannan ka sa iri a ƙasa, ya kwana cikin sanyi ya sha ruwa, kafin rana ta fito ya ɗan kama. Ka dasa shi da hantsi, zafin azahar ya same shi babu saiwa, ka dafa shi ne kawai.

Akwai wani dashe da na yi wa wata Hajiya a Wurno, ta aiko ɗanta ya tsaya a kaina wai in matse tazara, fili bai kamata ya zauna haka ba. Na ce ya koma ya tambaye ta, ɗakinta mutum nawa ke kwana a kan gado ɗaya. Bai dawo ba. Wani Alhaji kuma a Gwaram, shi nasa ciwon, in ya ɗauke ka ƙwadago to ya saye ka har da numfashinka. Kun gama dashe magariba ta yi, sai ya ce tunda kuna nan ku ɗan gyara masa magudanar ruwa. Don haka kada ku ji ina yabon da, ku ɗauka aljanna ce. A da ba mu san awa ba, asuba muka sani da hantsi da azahar da la'asar. Ba ranar hutu sai ta sallah ko in an yi rasuwa. Fartanya ta sare ka, ka barbaɗa ƙasa ka ɗaure da tsumma ka ci gaba.

To ana nan sai wani kamfani ya zo ya kama fili a kan hanyar nan tsakanin Birnin Kudu da Gwaram, fili ba ƙarami ba, aka kewaye shi da waya mai ƙaya, aka yi ƙofar ƙarfe da ɗan ofis. Suka ce tumatir za su noma. Da suka tambayi wanda ya iya dashe, kowa ya ce Sale. Aka ɗauke ni helma, wato shugaban masu dashe, na zaɓo mutum goma sha ɗaya, ƙaraminmu ma gemunsa ya fara furfura. Cikinsu har da abokina Malam Hudu na Yalwan Damai, mutum ne mai jiki, ga baki, amma hannunsa a dashe kamar na ungozoma.

Manajan gonar yaro ne ɗan mutunci, sunansa Nura. Bai taɓa wuce ni bai ce "Baba, ina kwana" ba. Karatun tafiyar da ma'aikata ya yi, ba na noma ba. Ranar farko ya tara mu a gindin darbejiya ya karanta mana ƙa'ida. Shiga ƙarfe takwas, tashi ƙarfe huɗu. Hutun awa ɗaya da rana. Hutun yini ɗaya a mako. Wanda ya ji ciwo a bakin aiki kamfani zai kai shi asibiti. Aiki bayan ƙarfe huɗu kuwa haramun ne, sai in babban ofis na Kano ya sa hannu, don doka ba ta yarda a sa mutum ƙarin lokaci haka kawai ba.

Malam Hudu ya ɗaga hannu. "Ranka ya daɗe, in mutum ya gama aikinsa kafin ƙarfe huɗu fa?"

"Sai ya jira, Malam."

"In kuma huɗu ta yi bai gama ba?"

"Sai ya tashi."

Hudu ya juyo ya dube ni, ya ce, "Sale, wai aiki aka ɗauke mu ko jira?"

Gaskiya dai, na ji daɗin wasu abubuwan. Aka ba mu takalman roba. A karon farko a rayuwata na wuni a gida ranar da ba sallah ba, ban san me zan yi da kaina ba, na gyara danga, na sake kwancewa na gyara, har uwargidana ta ce don Allah in fita in nemi majalisa. Abin da ya ba mu wahala, wata na'ura ce a bakin ƙofa da ake dangwala mata yatsa safe da yamma. Mu kuwa ƙasa ta riga ta cinye zanen yatsunmu. In na dangwala sai ta yi ƙara ta ce a sake. Sai na goga yatsa a goshi, na hura masa iska, na yi bisimilla, sannan ta yarda cewa ni ne Sale.

Irin farko ni na rene shi da kaina, mako huɗu ina lallaɓa shi, ya fito kore shar, gwanin sha'awa. Ƙarshen damina ne, lokacin zafin nan na kaka da ke sa mutum ya rasa inda zai sa kansa. Na sami Manaja na ce, "Ranka ya daɗe, iri ya isa dashe. Sai dai a canza mana lokaci, mu riƙa zuwa da la'asar mu tashi da magariba."

Ya ce, "Baba, la'asar ai lokacin tashi ne."

Na ce, "Na mutane ne, ba na tumatir ba."

Ya yi dariya, ya ce zai rubuta wa Kano. Ya kuwa rubuta, a gabana ya aika ta waya. Kwana biyar shiru. Iri ya fara miƙewa yana yin ƙafa, in ya wuce haka ya lalace. Manaja ya ce ba yadda zai yi, a fara dashe gobe ƙarfe takwas, a ƙara ruwa sosai. Na ce zai mutu. Ya ce, "Baba, mu gwada." Muka gwada. Wallahi ina sokawa ina jin kunyar hannuna. Kafin kwana uku fiye da rabi ya kwanta, ganye ya narke ya manne da ƙasa. Hudu ya tsaya a kan kunya ya tuɓe hula, ya ce a yi musu fatiha.

Sai ga mota daga Kano, da wani mai ƙaton ciki da baƙin tabarau. Ko gonar bai shiga ba, daga bakin ofis ya hango, ya ce wane ne mai kula da dashe. Aka ce Sale. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce ai tsufa ya kama ni. Nura ya yi ƙoƙarin yi masa bayanin takardar da ya aika, mutumin ya ce ba ta zo teburinsa ba. Kafin ya tafi ya bar min gargaɗi a rubuce: in aka sake asarar iri, a sallame ni.

Ku ji ni da kyau, ba aikin kamfani kaɗai ya dame ni ba. Mai dashe da sunansa yake cin abinci. In aka ce hannunka yana kashe iri, babu mai lambun da zai sake kiranka daga nan har Gwaram, ko da kyauta za ka yi masa. Maganar kuwa ta riga ni zuwa kasuwa. Na je Birnin Kudu sayen igiya, wani tsoho da muka yi yarinta tare a Surko ya hango ni daga rumfa, ya ɗaga murya, "A'a, Mai Jana'iza, ashe an koma sana'a!" Mutane suka yi dariya, ni ma na yi. Amma raina ya ɓaci ƙwarai, igiyar ma ban saya ba na dawo.

Na reni iri na biyu. Manaja ya sake rubuta wa Kano, aka sake yin shiru. Da irin ya isa, na tara mutanena bayan an tashi, a ɗan masallacin bakin titi inda muke la'asar. Na ce, "Jama'a, in muka dasa da rana na tafi, sunana ya tafi. In muka jira Kano iri ya tsufa, nan ma na tafi. Me kuka gani?"

Hudu ya ce, "Akwai inda magudanar ruwa ta bi ta ƙarƙashin waya, can bayan gona. Na ga akuya tana shiga."

Wani ya ce, "Kai akuya ce?"

Ya ce, "In ta kama."

Haka muka tsara. Da rana mu jiƙa fangali, mu ja igiya, mu huda ramuka a hankali kamar masu ciwon baya. In Manaja ya ce a fara, in ce masa ƙasa ba ta gama shan ruwa ba. Ƙarfe huɗu mu dangwala yatsa, mu yi wa mai gadi sallama, mu yi la'asar, sannan mu zagaya ta cikin gonar dawar mutane, ɗaya bayan ɗaya, mu rarrafa ta magudana. Dattawa goma sha biyu, wasu da jikoki, muna jan ciki cikin taɓo don mu je mu yi wa wani aikin da bai sa mu ba. Yammar farko muka dasa abin da ya sawwaƙa, kafin kiran magariba mun fice.

Da safe Manaja ya zo ya tsaya a bakin fangalin, ya ga iri a tsaye reras. Ya ce, "Baba, wannan yaushe aka yi shi?"

Na ce, "Jiya, ranka ya daɗe." Ban yi ƙarya ba.

Ya ce, "Ikon Allah, ban lura ba."

Hudu ya ce, "Ai mu aikinmu ba ya ƙara."

Yamma ta biyu ma lafiya lau. Ta uku ce ta tona mana asiri. Mu goma sha ɗaya mun shige, na riga na cire iri kwando uku na lulluɓe. Hudu ne na ƙarshe, ranar kuma ya ci tuwon suna ya ƙoshi. Ya shiga rabi, waya ta kama masa riga ta baya. Ya ja gaba, ƙayar ta same shi a mazaunai. Mutumin da muka yi alkawari da shi ba tari ba atishawa, sai ya kurma ihu yana salati, har tsuntsaye suka tashi daga kan darbejiya.

Mai gadin gonar tsohon soja ne, Kofur Audu ake ce masa, mutumin da ko uwarsa ta zo sai ya rubuta sunanta a littafi. Ya taho a guje da gora da usur a baki, yana ɓarayi, ɓarayi. Da ya iso ya ga mu ne, sai ya tsaya usur ɗin ya faɗo daga bakinsa. Amma bai sassauta ba. Ya sa muka zauna a ƙasa a layi, ya zare Hudu daga waya, ya caje mu ɗaya-ɗaya. Abin da ya samu, itacen huda rami goma sha biyu da goro rabi.

Ya ce, "Me kuka sata?"

Na ce, "Ba komai."

"To me ya kawo ku?"

"Dashe."

"Wa ya sa ku?"

"Ba kowa."

Ya ciro littafinsa. Ya ce shekararsa ashirin da biyu a soja, ya kama ɓarawon kaza, ya kama ɓarawon taya, bai taɓa kama wanda ya fasa shinge don ya yi aiki ba, bai ma san a wane shafi zai rubuta ba. Duk da haka ya rubuta, ya kuma kira Manaja a waya.

Ni hankalina yana kan kwanduna. Na ce, "Kofur, don girman Allah dubi can. Iri ne a cire. In ya kwana a kwando ya mutu. Ka bar mu mu sa shi a ƙasa, sannan ka kai mu duk inda za ka kai mu." Ya je ya ɗaga buhun ya leƙa. Ashe ɗan manomi ne. Ya dawo yana gyaran murya, ya ce ai ko fursuna yana aiki in dai da mai tsaronsa, mu tashi, amma kowa ya sani a kame yake. Da Manaja ya iso a kan babur, abin da ya tarar ke nan: ɓarayi a tsugune suna dashe, Hudu yana yi a tsaye a sunkuye don ba ya iya tsugunawa, mai gadi kuma yana riƙe da bakin igiya yana cewa layi ya karkace.

Ban taɓa ganin ran Nura ya ɓaci ba sai ranar. Ya ce, "Baba, kun san abin da kuka yi min? In maciji ya sari ɗayanku a nan bayan an tashi, asibitin kamfani ba zai karɓe shi ba, don a takarda yana gida. In jami'in ƙwadago ya ji, cewa zai yi ina sa tsofaffi aiki a ɓoye ba lada. Dokar nan da kuke rarrafawa ta ƙarƙashinta, don ku aka yi ta, ba don ni ba." Gaskiya kuwa ya faɗa. Na tuna Alhajin nan na Gwaram, na ce a raina da a zamaninsa aka yi yaron nan da mun huta. Na ce masa, "Ranka ya daɗe, ka ba dashen kwana biyar ka gani." Ya ce magana ta riga ta shiga littafin Kofur, littafin kuma Kano ake kai shi, ba yadda zai ɓoye.

Abin haushi, wannan karon Kano ba ta yi nawa ba. Maganar canza lokaci ta kusa wata biyu ba amsa, amma ta korar Sale mako ɗaya ta ɗauka. A cikin makon nan dashenmu na yamma ya kama, ya miƙe, ya fara sabon ganye, da kyar ka ga guda ɗaya a kwance. Kullum da safe ina ganin Manaja yana zagaya shi, hannu a baya, ya tsuguna ya taɓa ganye, ya waiwaya ya dubi fangalin farko da ya ƙone. Ga kuma sulusin gona ba a dasa ba, sauran iri yana ta yin ƙafa, ba mai ikon taɓa shi.

Ranar wata Laraba da hantsi Kofur ya ja ni gefe, ya ce direba ya kawo takarda cikin ambulan daga Kano da sunana a kai, ya gani da idonsa. Ba zan ɓoye muku ba, tsoro na ji. Na wuni ina huda ramukan da na riga na huda, ina satar kallon ƙofar ofis. Azahar ta yi bai fito ba. Ƙarfe uku bai fito ba. Hudu, mai bakin nan, ranar ko tari bai yi ba. Huɗu ta yi muka je muka dangwala, na'urar ma ranar bugu ɗaya ta karɓe ni, na ce to, ita ma sallama take min.

Mun idar da la'asar muna sa takalma, sai ga Nura ya fito ta ƙofa ya nufo masallacin. Ya naɗe ƙafar wando, yana sanye da takalmin roba sabo fil, irin namu. Hannunsa ba komai.

Na miƙe na ce, "Ranka ya daɗe, an ce akwai takardata."

Ya ce, "Akwai, Baba. Tana kan tebur." Ya dubi agogonsa. "Sai dai huɗu ta wuce. Ba ni da izinin yin aikin ofis bayan an tashi."

Na ce, "To gobe ke nan."

"Gobe aiki ya yi min yawa har ƙarfe huɗu. Jibi ma haka. Ina jin dai har tumatir ɗin nan ya nuna in aika musu kwandon farko, aiki ba zai bar ni ba."

Can bakin ƙofa muka ga Kofur Audu ya ɗaga kujerarsa ya juya ta tana kallon titi, yana cewa wuyansa ya ƙage, ba ya iya waiwaye.

Nura ya matso kusa da ni, ya rage murya. "Baba, ta ina ake rarrafawa?"

Hudu ne ya ɗaga masa wayar, yana gaya masa ya sauke bayansa sosai, shi ya san abin da ya gani. Manaja guda ya ja ciki cikin taɓo ya shiga gonar da makullinta ke aljihunsa. Na ba shi igiya da fangali ɗaya, na ara masa itacena na kanya, na tsaya a kansa. Ya soka guda goma, ya ɗago yana murmushi yana jiran yabo. Na duba, na ga duk ya shaƙe musu wuya.

Na ce, "Ranka ya daɗe, tuge su ka sake."

Ya ce, "To, Baba." Ya tuge, ya sake.